Filin Kiɗa Da Makaɗa: Amsa Ga Mai Neman Jitar Hebi-Metal Daga Maikunkele

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a makon jiya akwai ta wani saurayi daga Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, can bakin filin jirgin saman Minna. Ya ce shi da abokansa uku sun daɗe suna sauraron irin kiɗan nan na Turawa da ake kira hebi-metal, har sun ƙudura niyyar su gwada shi da kansu. Shekara biyu ke nan yana zubin adashi, yanzu kuwa ɗauka ta zo kansa, amma ya rasa wace jita zai saya, domin duk wanda ya tambaya sai ya faɗa masa wani suna dabam. Wai har an gaya masa in ba jita mai batir a cikinta ya saya ba, to, ya zubar da kuɗinsa. Yana so a raba masa gardama.

To, ɗana, gara da ka yi tambayar nan tun ba ka kwance bakin jaka ba. Tun da aka sakar wa kasuwa darajar naira a 2023 duk abin da ya ƙetaro teku ya yi tashin gwauron zabo, jitar lantarki kuwa daga waje ake kawo ta. Wanda ya sayi wadda ba ta dace ba sai ya sake shekara biyu yana tari.

Kafin mu yi nisa bari in kau da wata magana. Na san akwai dattawan da za su ce me ya haɗa wannan jarida da kiɗan da wasu mawaƙansa ke ado da hoton ƙoƙon kai, suna ambaton Shaiɗan. Gaskiyarsu, akwai masu yin haka, kuma ba abin koyi ba ne ga ɗan kowa. Amma ita jita katako ce da waya, abin da aka ɗora mata shi take faɗi, kamar yadda kalangu ɗaya ke yi wa mahauta kiɗa da safe, da yamma kuma ya tafi gidan biki. Maganar kayan aiki za mu yi a nan.

Ma'anar hebi-metal ita ce ƙarfe mai nauyi, kuma sunan ya dace da garin da ya fi kowane haƙƙin cewa shi ya haife shi, watau Birmingham ta Ingila, birnin maƙera da masana'antu. A can ne wani yaro mai suna Tony Iommi, yana ɗan shekara 17, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Bai bar kiɗa ba. Sai ya yi wa yatsun hular roba, ƙungiyarsu ta Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a watan Fabrairun 1970, a faifai na uku kuwa, na 1971, ya sassauta tsirkiyoyinsa don su rage yi masa ciwo, sai muryar jitar ta faɗa ƙasa, ta yi duhu da nauyi. Rabin abin da kuke ji a yau daga wannan lalura ya samo asali.

Ɗaya rabin shi ne kaushin murya. Ana tura wa amfilifaya ƙarfin da ya fi wanda zai iya ɗauka, sai sautin ya shaƙe, ya yi kauri, ya daɗe yana amo bai mutu ba. Injiniyoyin farko aibu suka ɗauki wannan, suna ta neman maganinsa, makaɗa kuwa suka ce ai shi suke nema. Bai kamata Bahaushe ya yi mamaki ba, don kuwa tun kaka da kakanni ake maƙala ceba a kan garaya, ƙarfen nan mai 'yan zobba, don kada sauti ya fito garau, a ji shi da caccaka.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi damun mai tambaya. In ka dubi cikin jitar lantarki, ƙarƙashin tsirkiyoyi, za ka ga wasu 'yan akwatuna biyu ko uku a jere. Turawa na kiran kowane ɗaya fikof, amma ba fikof ɗin da ke jigilar doya daga Paiko ba. Mu kira shi maɗauki, tun da aikinsa ke nan, ɗaukar motsin tsirkiya. Ba wani abu ba ne a ciki illa mayen ƙarfe da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantakar gashin kai, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya, shi kuma ya kambama ta. Saboda haka da za ka ɗaura masa izgar doki irin ta goge, ko tsirkiyar roba, ko uffan ba zai ce ba.

Maɗauki iri biyu ne a asali. Akwai tilo, mai naɗi ɗaya, siriri, irin wanda kamfanin Fender ya sa wa jitarsa Stratocaster tun 1954, kusan zagaye 8,000 na waya. Muryarsa tana da zaƙi da kaifi, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: kunnensa ya cika ji. Wutar lantarkin ƙasar nan tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk wayar da ke bango, da taransifomar bakin titi, da dogon ƙwan fitila, da cajar waya mai araha, suna watsa wannan kai da komowar a cikin iska. Tilo sai ya kwashe, ya kai wa amfilifaya tare da kiɗan. Shi ne ƙugin nan da ake ji zuuu kamar an taɓo gidan zuma. In kiɗa mai laushi ake yi ba a damuwa da shi ƙwarai. Amma shi amfilifaya ba ya tantance kiɗa da ƙugi, duk abin da aka ba shi ninkawa yake yi, hebi-metal kuwa ninki ne a kan ninki. Da zarar ka ɗaga hannu daga tsirkiya sai ƙugin ya cika ɗaki.

Maganin wannan wani injiniyan kamfanin Gibson ne, Seth Lover, ya fito da shi a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Dabararsa ita ce ya haɗa naɗi biyu gefe da gefe, ya juya wa ɗaya baya, ya kuma juya fuskar mayen ƙarfensa. Ƙugin da na farko ya ɗauko sai na biyu ya ɗauko kishiyarsa, su kashe juna, motsin tsirkiya kuwa ya taru ya zama biyu. Turawa na ce masa hambaka, watau mai ture ƙugi. Mu sai mu ce tagwaye. Ban da shirun da yake kawowa, muryarsa ta fi kauri, kaifinta ya ragu, kuma ya fi tura amfilifaya. Duka ukun nan abin da mai hebi-metal ke so ne.

A nan ne zancen ya shafi Maikunkele musamman. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, har ake mata kirari da jihar wutar lantarki, hanyar Zungeru ma ta garinku ta ratsa. Duk da haka kowa ya san dare nawa ne janareta ke raya shi a Minna da kewayenta. Ƙaramin janareta wutarsa ba ta da tsabta, yawancin ɗakunan haya kuma ba a ja musu wayar nan ta uku da ake binne ƙarshenta a ƙasa ba. Bature mai rubuta shawara a kan jita yana zaune ne a ɗakin da wutarsa ba ta rawa, shi ya sa zai ce maka tilo ko tagwaye duk zaɓin kunne ne. A wurinka ba haka abin yake ba. Abu na farko da za ka duba shi ne, maɗaukin da ke kusa da jaki, watau inda tsirkiyoyi suka hau a gindin jita, lalle ya kasance tagwaye. Daga nan ne ake samun saran nan mai tsauri da ake yi idan an danne tsirkiyoyi da gefen tafin hannu. Sauran maɗaukan kowane iri ne ba laifi.

Wani zai ce ai Iommi kansa da tilo ya yi faifansa na farko, Ritchie Blackmore na Deep Purple kuma Stratocaster ya riƙe. Haka ne. Amma duba abin da ya biyo baya. Eddie Van Halen, wanda faifan ƙungiyarsu na farko ya fito a 1978, ya so jikin Stratocaster amma bai so muryarta ba, sai ya sa kurfi ya faɗaɗa ramin, ya cusa tagwayen Gibson a ciki. Wannan haɗin gambizar shi kamfanonin Jackson da Charvel da ESP da Ibanez suka mayar sana'a, kuma yawancin jitocin da ake ƙerawa don wannan kiɗa har yau a kan tsarinsa suke.

Su ma tagwayen suna da daraja hawa-hawa. Na farkon nan na Gibson, in aka auna su da mitar mai gyaran rediyo, wajen om 8,000 suke nunawa. A 1972 Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion, wanda aka ƙara wa naɗi aka kuma sa masa mayen ƙarfe mai ƙarfi, yana nuna sama da 13,000. JB na Seymour Duncan ya kai wajen 16,000. A wancan zamani ana bukatar wannan ƙarfin ne domin amfilifayoyin lokacin sai an matsa musu suke shaƙewa. Na yanzu kuwa, har da 'yan ƙananan da ake taka su da ƙafa, kaushin da ke cikinsu ya ishi kowa har ya yi yawa. Don haka kada lamba ta ruɗe ka. Maɗaukin da aka cika wa naɗi, in ba gwani ya yi shi ba, sai ya dagula sauti ya zama kamar kunun da ya yi gudaji, ka kaɗa tsirkiya uku a ji kamar ɗaya.

Sai maganar batir. Waɗanda suka gaya maka haka kamfanin EMG suke nufi, musamman maɗaukinsa mai lamba 81, wanda 'yan Metallica da Zakk Wylde suka yi wa suna. Shi naɗinsa kaɗan ne, sai aka sa masa ɗan ƙaramin amfilifaya a cikinsa mai cin batir na bolt 9. Ba zan rage masa daraja ba: ya fi kowane shiru, saransa a tsaye yake, kuma ba ya bukatar a haɗa tsirkiyoyi da wayar ƙasa, abin da za ka ga amfaninsa nan gaba. Amma yana da tsada, a toshe yake ba a buɗe shi a gyara, kuma muddin wayar jita tana soke a jikinta batir na ci ko ba a kiɗa. Ka manta da ita a soke na 'yan makonni, ranar da kuka tara jama'a sai murya ta fara shashsheƙa. Ga kuma jabun batir da ya cika kasuwa. In ka samu jita mai shi a kan kuɗin da kake da su, kuma ka tabbatar na ainihi ne, saya. In an ce maka mai batir ce, ka ce a buɗe bayanta a nuna maka batirin, don akwai baƙaƙen murafun roba da yawa da ba komai a ƙarƙashinsu sai maɗauki na yau da kullum. Amma a ce wai in ba shi ba babu hebi-metal, wannan zancen 'yan kasuwa ne. An yi shekaru ana wannan kiɗa kafin a ƙera shi.

Ina so kuma ka ɗaga kai ka dubi arewa da mu, don a nan kusa akwai mutanen da suka riga ka sanin abin da jitar lantarki ke yi a ƙasar ƙura da janareta. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar jita ta zama kayan biki kamar kalangu a wurinmu, ƙungiyoyi irin su Etran de l'Aïr a gidajen aure suka yi suna. Daga can Bombino ya fito har aka sa faifansa na 2018 cikin masu takarar lambar Grammy. Sai kuma Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya harhaɗa jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke domin iyayensa ba sa son kiɗan. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma yaɗu ne daga wayar hannu zuwa wayar hannu kafin wani kamfani ya san da shi. Wanda ya saurari Afrique Victime na 2021 ko Funeral for Justice na 2024 zai ji jita tana ruri yadda 'yan hebi-metal da kansu ke sara mata. Bahago ne kamar Iommi, kuma Stratocaster yake kaɗawa.

To, me ya sa tilo ya yi masa, ni kuma nake hana ka? Domin kiɗansa bai da giɓi. Da yatsa yake kaɗawa, tsirkiya ɗaya na riƙe da amo kamar yadda ake yi a molo, sauran na gudu a kanta, ƙugi ba ya samun inda zai leƙo. Hebi-metal kuwa da sara da tsayawa aka gina shi, a buga, a yi tsit, a sake bugawa, kuma a cikin tsit ɗin nan ne asirin tilo ke tonuwa. Darasin da za ka ɗauka daga Agadas dabam ne: mutanen nan ba su jira jita mai suna ba kafin su ƙware, kamar yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya.

Saboda haka sunan da ke rubuce a kan jita shi ne na ƙarshe a lissafi. Manyan kamfanonin nan duk suna da 'ya'yan ɗaki masu sauƙin kuɗi: Epiphone na Gibson, Squier na Fender, GIO na Ibanez, LTD na ESP, ga kuma Pacifica na Yamaha da jitocin Cort. Ɗaya daga cikin waɗannan ta gaskiya, ko da ta hannu ce, ta fi jabun Gibson mai ƙyalli da za a ce maka an yi maka ragi.

Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne wuya. Maɗauki ana cire shi da dalma a sa wani ran da aka samu hali, amma wuyan da ya murɗe sai haƙuri. Ka ɗora gindin jitar a ƙasa ka leƙa tsawon wuyan kamar mai duba bindiga. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, murɗewa gefe ɗaya kuwa ka ajiye ta. Ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi tun daga sama har ƙasa, ka ji ko akwai inda ta mutu. Ka shafa gefen wuyan, in ƙarafan da aka gitta suna kartar hannu, katakon ya bushe ya tsuke ke nan. Wannan zai faru ko a gidanka, don jitar da aka saya a Legas cikin laima, in ta sha hunturun Minna sai ta motsa, damina ta zo ta sake motsawa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa don daidaita shi, rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, ba fiye ba. Ka riƙa ajiye ta a cikin jakarta, nesa da taga da zafin kwano, ka goge gumi daga tsirkiyoyi bayan kowane kiɗa.

Jaki kuma ka nemi kafaffe. Akwai wani mai lilo, ƙirar Floyd Rose, mai ɗan hannu da ake dannawa jita ta yi haniniya kamar doki, samari na mutuwar sonsa. A kan sifirin yake reto, in tsirkiya ɗaya ta tsinke sai sauran biyar su fita daga saiti, sake ɗaura su kuwa aikin yini ne ga sabon hannu. Na arahar cikinsu bakinsu cinyewa yake yi. Wanda zai yi tafiya kafin ya samu tsirkiya ba shi da bukatar wannan wahala. In kana son sassauta tsirkiyoyi irin na Iommi, sayi masu kauri, lamba 11 maimakon 9, don kada su yi laɓo-laɓo.

Kada ka biya sai an soka ta a amfilifaya an ƙure kaushi. Ka ɗaga hannu ka saurari shirunta. Ka juya kowane maɓalli ka ji ko yana ƙaraf-ƙaraf. Sa'an nan ka kai bakinka kusa da maɗaukin ka yi magana da ƙarfi: in muryarka ta fito a lasifika, naɗin a sake yake, kuma zai riƙa tsuwa kamar ɓera duk lokacin da aka ƙara murya. Maganinsa a tsoma shi cikin narkakken kakin kyandir da aka gauraya da ɗan kakin zuma, amma a kan ruwan zafi ake narkarwa, ba a kan wuta kai tsaye ba, kuma gara ka nemi ragi a kan wannan aibin ka kai wa mai gyaran rediyon da ya san hannunsa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi duk waɗanda suka gabata nauyi. A jitar da ba ta batir ba, tsirkiyoyi a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan amfilifayan ya samu matsala, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe wutar, to, ta jikin mai kiɗa za ta bi. A 1972 Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a gaban 'yan kallo a Swansea, ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana riƙe da jita. Don haka daga cikin kuɗin adashin nan ka ware na mai aikin lantarki, ya kafa muku sandar ƙarfe a ƙasa, ya haɗa ta da soket ɗin da za ku yi amfani da shi da kuma jikin janareta, ya sa na'urar da ke katse wuta da kanta in ta fara zurarewa. Kada ka yarda kowa ya karya ƙafa ta uku ta filogi wai don ya shiga rami biyu. Kada ku yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai danshi. In leɓenka ya ji ɗan tsunkuli a jikin makirufo alhali hannunka na kan tsirkiya, a kashe komai nan take, ba sai an gama waƙa ba. Amfilifayan da aka kawo daga Amurka kuma a duba bayansa tukuna, don da yawansu na bolt 120 ne, tamu wutar kuwa 230 ce, soka shi kai tsaye ƙona shi ne.

Shi amfilifayan da kansa, wane iri ya kamata ƙungiyar mutum huɗu ta fara da shi, da yadda za a raba kuɗi tsakaninsa da jita, wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Abokinka mai ganguna kuma ya rubuto tasa tambayar da kansa.